Hajar da Ta Iso Bayan Kasuwa Ta Watse

Wanda ya fara jin "Pull Me Under" a kaset, da wuya bai miƙa hannu ya duba rikodarsa ba. Waƙar tana tsaka da gudu, ganguna na dukan ƙirji, jita na gurnani, an ci minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, sai kawai ɗif, kamar an ɗauke wuta. Ba a sauko a hankali ba, ba a yi sallama ba. Masu saye da dama a 1992 sun zaci rikoda ce ta tauna zaren kaset, ko kuwa faifan CD ɗin ya zo da tabo daga kanti. Alhali lafiyarsa ƙalau. Kevin Moore, mai kiɗa kibod wanda ya rubuta baitocin, daga wasan Hamlet na Shakespeare ya ɗebo tunaninsa, kuma mutuwar da waƙar ke zance a kai haka take zuwa, tana katse mutum magana na bakinsa.

Da wannan waƙa aka buɗe Images and Words, faifai na biyu na ƙungiyar Dream Theater ta Amurka, wanda kamfanin Atco ya fitar ranar 7 ga Yulin 1992. Waƙoƙi takwas ne, tsawonsu duka kimanin minti 57. Yau, bayan fiye da shekara talatin, masu bin wannan fanni suna ɗaukar sa ginshiƙin abin da ake kira furogiresif metal, wato kiɗan metal mai nauyi da ƙara wanda aka ɗora a kan dogon tsari, mai sauye-sauyen kari da rassa kamar kiɗan gargajiyar Turai. A lokacin da ya fito kuwa, kusan babu wanda zai yi caca a kansa.

Dalilin a fili yake. A watan Oktoban 1991 ne samarin suka shiga sitidiyon BearTracks da ke Suffern a jihar Niyok, makonni kaɗan bayan Nirvana ta saki Nevermind. Kafin su gama haɗa nasu aikin, duniyar rok ta juye. A Janairun 1992 Nevermind ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard, matasan Amurka suka koma ga rigar fanel da yagaggen wando da waƙoƙin birnin Siyatil irin na Nirvana, masu kaɗe-kaɗe uku ko huɗu da kukan zuci. Ƙwarewa a jita ta zama abin kunya. Dogon gashi da aka gyara da man shafawa, da murya mai hawa sama kamar ta mawaƙin ofera, da nuna gwanintar yatsu na minti biyu, duk aka tattara su aka jefa kwandon shekarun 1980. A wannan kasuwar ce wasu samari biyar suka iso da waƙa mai minti goma sha ɗaya da rabi, da saksofon, da mawaƙi mai murya tsololo.

Su ma ba daga gidan daɗi suka fito ba. John Petrucci mai jita da John Myung mai jitar bes abokan juna ne tun suna yara a Kings Park da ke Long Island, kuma an sha ba da labarin alkawarin da suka ɗaukar wa juna na yin atisaye awa shida kullum. A 1985 suka tafi makarantar kiɗa ta Berklee a Boston, inda suka gamu da Mike Portnoy mai ganguna, shi ma ɗan Long Island. Suka kafa ƙungiya mai suna Majesty, suka jawo tsohon abokinsu Moore, suka bar karatu ba su gama ba. Wata ƙungiya a Las Vegas ta ce sunan nata ne, sai mahaifin Portnoy ya ba su sunan wani gidan silima da ke Monterey a Kalifoniya, wato Dream Theater. Faifansu na farko, When Dream and Day Unite, ya fito a 1989 ya yi kwantai. Kamfanin Mechanic bai tallata shi ba, bai tura su yawon wasa ba. Suka rabu da mawaƙinsu Charlie Dominici, wanda ya girme su da fiye da shekara goma, suka shiga neman wani.

Neman ya ci kusan shekara biyu. Mawaƙa wajen ɗari biyu suka gwada, suna zaune ba kamfani, ba mawaƙi, ba kuɗi, sai kiɗa da suke ta tsarawa ba murya a kai. Wannan zaman jiran yana da hannu a kyawun faifan, domin yawancin waƙoƙin sun daɗe suna dahuwa, an kaɗa su an sake kaɗawa har kowace gaɓa ta zauna. A 1991 kaset ya iso daga Kanada, daga wani mawaƙi ɗan garin Penetanguishene a lardin Ontario, mai suna Kevin James LaBrie. Da yake akwai John biyu a ƙungiyar, ga kuma Kevin guda, sai ya ajiye sunansa na farko ya koma James. Wanda ya ɗauke su a Atco kuma Derek Shulman ne, tsohon mawaƙin Gentle Giant, ɗaya daga ƙungiyoyin Ingila masu sarƙaƙƙen kiɗa a shekarun 1970. Mutumin ya san irin hajar da yake saye.

Ba su suka fara haɗa nauyin metal da zurfin tsari ba. Fates Warning ta riga su, Queensrÿche ta fitar da Operation: Mindcrime a 1988, kuma a shekarar ce Metallica ta fitar da nata faifan mai dogayen waƙoƙi masu lanƙwashe-lanƙwashe. Bayan waɗannan duka akwai Rush da Yes, waɗanda samarin suka taso suna haddace su. Abin da Images and Words ya zo da shi shi ne daidaita awo. Kibod ya samu matsayi ɗaya da jita, ya daina zama ado a bayan fage. Kowane makaɗi gwani ne na ƙarshe, amma aka bar wa murya wurin da za ta yi amshin da mai sauraro zai tafi da shi gida yana rerawa.

Nan ne ƙimar faifan take, kuma nan ne masu yabonsa suka fi yin kuskure, don sun fi son su nuna wa mutum wuraren da yatsu ke gudu. A saurari "Pull Me Under" da kunnen ƙirge: kusan gaba ɗayanta a kan ɗaya-biyu-uku-huɗu take tafiya, ƙirgen da kowane yaro zai iya tafa masa. Tana farawa da jita mai sanyi, ƙwaya-ƙwaya, tana maimaita zubi ɗaya. Ganguna suka shigo daga ƙasa, kibod ya ɗora wani siririn kari a sama, nauyi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a ci kusan minti biyu ba a ji muryar mutum ba. Duk wannan jan rai ne, irin na mai ba da labari da ya san inda za shi. Lokacin da amshin ya iso, mai sauraro ya riga ya ƙosa da jiran sa, shi ya sa yake zama a kai.

Kamfanin bai ga haka ba tun farko. "Another Day" suka sa wa rai, waƙa mai taushi ta minti huɗu da 'yan kai, wadda Petrucci ya rubuta lokacin da mahaifinsa ke fama da ciwon daji, kuma Jay Beckenstein na ƙungiyar Spyro Gyra, mai sitidiyon kansa, ya busa mata saksofon. Ita aka ga za ta shiga rediyo. Ba ta shiga ba. Sai ga gidajen rediyo sun ɗauki waƙar minti takwas ɗin da kansu, masu sauraro na bugo waya suna neman ƙari. Atco ta yi maza ta haɗa mata bidiyo, MTV ta riƙa nuna shi, waƙar ta kai ta 10 a jadawalin waƙoƙin rok na Billboard, faifan kuma ya kai na 61 a babban jadawalin faya-faye 200. A 1995 aka ba shi shaidar zinare, alamar an sayar da kwafi 500,000 a Amurka. Har yau shi kaɗai ne faifan sitidiyon ƙungiyar da ya samu wannan shaida. Su kansu sun mai da abin raha: da za su fitar da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a 2008, sai suka raɗa masa Greatest Hit, tilo ba jam'i ba, wai waƙa ɗaya da ta yi tashe sai wasu ashirin da ɗaya da ba laifi.

Bakandamiyar faifan dai ita ce "Metropolis", ta biyar a jeri, minti tara da rabi. Tana buɗewa da ƙarar ƙananan ƙararrawa da jita mai amsa kuwwa, LaBrie ya shigo ya ba da labari mai duhu, sai wajen tsakiya murya ta janye gaba ɗaya, makaɗa huɗu suka kama hanya su kaɗai na kusan minti huɗu. A nan ƙirge ke sauyawa kusan kowane numfashi. Mai tafi zai tafa sau biyu daidai, na uku ya ga ƙasa ta goce masa. Jita da kibod suna gudu tare a kan ƙwayoyin sauti iri ɗaya, da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano, babu wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Can sai kowa ya ja baya, Myung, mutumin da aka sani da rashin magana, ya saki hannu biyu a wuyan jitar bes yana ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsu kamar mai kiɗa piyano. 'Yan daƙiƙoƙi ne kawai, amma dubban masu koyon bes sun ƙare darare a kansu.

Abin da ke raba wannan sashe da nuna isa shi ne yana da inda ya dosa. Kowane juyi yana ƙara ɗaure igiyar, har lokacin da makaɗan suka faɗo tare a kan dogon sauti guda kuma murya ta dawo, mai sauraro ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Wanda ya saba da dogayen waƙoƙin fada, inda makaɗa ke cin lokaci suna zagaye kafin ubangidan kiɗa ya sake jefa magana, ya san daɗin wannan dawowar, ko da kayan kiɗan sun yi nisa da juna.

Petrucci ya liƙa wa sunan waƙar "kashi na ɗaya" ne don wasa, ba tare da wani kashi na biyu a zuciyarsa ba. Masoya suka ɗauke shi da gaske, suka hana shi sakat shekara da shekaru.

Sauran waƙoƙin kowace da halinta. "Take the Time" tana da rawar kai irin ta kiɗan fonk, an tsarma mata gutsattsarin muryoyin Kurtis Blow da Frank Zappa da Public Enemy, da wata magana cikin Italiyanci daga fim ɗin Cinema Paradiso, abin da ke nuna samarin suna sauraren abin da ya wuce unguwarsu. "Under a Glass Moon" tana ɗauke da gwanintar jita ta minti guda da malaman jita ke koyarwa har gobe, saboda kusan kowace dabara ta fannin tana ciki, amma an jera su kamar jimla mai farko da ƙarshe. "Surrounded" ita ce mafi haske, mai farawa da piyano da rufewa da shi. Baitocin faifan kuwa, gaskiya, ba duka suka tsufa da kyau ba. Akwai wuraren da samari 'yan shekara 24 ke tara manyan kalmomi na wata da gilashi da mafarki, suna zaton duhun magana shi ne zurfi.

Amma a dakata a kan "Wait for Sleep". Minti biyu da rabi ce, mafi gajarta a faifan, Moore ne ya tsara ta shi kaɗai, kiɗa da baiti. Babu ganga, babu jita. Piyano ne da murya da ɗan sautin goge na kibod a baya, a kan wata mace da baƙin ciki ya hana barci. Karin piyanon yana tafiya biyar, ya koma huɗu, ya sake komawa, kamar tafiyar mai ɗingishi kaɗan, amma mai sauraro ba ya jin lissafi, rashin natsuwar mai juyi a kan gado yake ji. Ƙirge mai wuya a nan yana yi wa ma'ana aiki. Sannan wannan karin bai mutu da waƙar ba: ya sake ɓullowa cikin "Learning to Live", waƙar rufewa da Myung ya rubuta baitocinta, inda dukan ƙungiyar ta ɗauke shi ta faɗaɗa bayan wani sashe na jita mai salon Sifaniya da wani hawan murya da LaBrie ya kai ƙololuwar da ba kowane namiji ke taɓawa ba. Mai sauraro da ya bi faifan daga farko zai gane karin kamar fuskar da ya taɓa gani, kuma wannan ganewar ce ke ɗinke waƙoƙi takwas su zama aiki ɗaya.

Moore shi ne birkin motar. A ƙungiyar da kowa ke iya cika kowane gurbi da sauti, shi ne mai barin fili. Ya tafi a 1994, bayan an gama ɗaukar faifai na uku, Awake, ya koma yin kiɗa mai sanyi da sunan Chroma Key, daga baya ma ya zauna a Istanbul ya yi wa wani fim ɗin Turkiyya kiɗa. Waɗanda suka gaje shi, Derek Sherinian sannan Jordan Rudess daga 1999, ba wanda zai ce sun gaza shi a yatsu, Rudess ma ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai dai wani abu ya bi Moore ya fita, kuma tsofaffin masoya sun shafe shekara talatin suna musu a kan sunan abin.

Akwai kuma aibin da duk mai kunne zai ji tun daga waƙar farko, wato ƙarar ganga. Furodusan faifan, David Prater, wanda ya fito daga aikin ƙungiyar FireHouse mai waƙoƙin rediyo, ya ɗaura wa ƙaramar gangar da ke tsakanin ƙafafun makaɗi wata na'ura. Duk sanda Portnoy ya doki fatar, na'urar sai ta saki wani sauti da aka riga aka ɗauka aka ajiye, shi ne zai shiga faifai a madadin na gangar. Ko ya taɓa ta a hankali, ko ya maka mata da ƙarfi, ƙara ɗaya ce ke fita, tas, kamar harbin bindiga a ɗakin da ba kaya. A ƙaddara mai kalangu an ɗaure masa tsirkiya, an ce duk matsin da zai yi da hammata murya ɗaya gangar za ta yi. Hannun Portnoy cike yake da ƙananan taɓe-taɓe tsakanin manyan duka, kuma na'urar ta mai da su duka tsawa. Shi da Prater suka sa ƙafar wando ɗaya, Portnoy bai daina kokawa da wannan sauti a hirarraki ba shekaru da yawa bayan haka. A tarin 2008 ɗin nan, an ba Kevin Shirley waƙoƙi uku daga faifan ya sake haɗa sautinsu, aka sassauta gangar.

Abin mamaki, masoya da yawa da suka ji gyararren sai suka koma wa na asali. Kunnensu ya riga ya auri waƙoƙin da wannan tas ɗin, kamar yadda mutum ke kewar ƙarar tsohuwar ƙofar gidansu. Kuma in za a yi wa Prater adalci, ƙyallin da ya shafa wa faifan, wanda ya sa shi kama da kayan rediyo na ƙarshen shekarun 1980, yana cikin abin da ya buɗe masa ƙofar rediyon. Faifan farko da aka ɗauka da ƙaramin kuɗi da dusasshen sauti ai ba wanda ya ji shi. Ko ƙungiyar ma, da za ta ɗauki "A Change of Seasons" a 1995, waƙar minti 23 da aka cire daga Images and Words saboda tsawo, BearTracks ta koma, kuma Prater ɗin ne ya sake zama a kujera.

Nasarar ta zo da nata kaya. Kamfani ya ɗanɗana waƙa ɗaya da ta ci kasuwa, yana son ta biyu. A Falling into Infinity na 1997 aka matsa musu su gajarta, aka kawo musu Desmond Child, marubucin waƙoƙin Bon Jovi, ya sa hannu a waƙa guda. Faifan bai gamsar da kamfani ba, bai gamsar da masoya ba, ƙungiyar ta kusa watsewa. Da suka ƙwaci 'yancin yin abin da suke so, wasan nan na Petrucci suka koma wa: a Oktoban 1999 suka fitar da kashi na biyu na "Metropolis", cikakken faifai mai labari guda, Scenes from a Memory, wanda ke ɗebo kari da kalmomi daga waƙar 1992 yana juya su. Shi ne ya tsayar da su da ƙafafunsu, ya kuma koya musu cewa abincinsu na wurin masu sayen tikiti a Turai da Japan da Kudancin Amurka, ko rediyo ta kula su ko kada ta kula.

A waje kuwa, faifan ya zama makaranta. Symphony X a New Jersey, Vanden Plas a Jamus, Pain of Salvation a Suwidin, daga baya Haken a Landan da Myrath a Tunisiya, kowace ta ɗebi wani abu daga wannan rijiya ta haɗa da nata. Bayansu akwai ɗaruruwan ƙungiyoyi da ba a tuna sunansu, waɗanda suka kwaikwayi abin da ake iya kwaikwaya: ƙirge bakwai da tara, gudun jita da kibod tare, mawaƙi mai tsololuwar murya, hoton bango mai kama da mafarki. Na Images and Words yarinya ce cikin rigar barci a wani ɗaki mai gado, ga wata zuciya na ci da wuta an naɗe ta da waya mai ƙaya, kuma an yi ta haifar 'yan'uwansa har aka gaji. Abin da ya gagari masu kwaikwayon shi ne amshi. Ana iya koyon gudun yatsu da awa shida kullum. Rubuta karin da direba zai rera a mota bai san ƙirgensa biyar ba ne, wannan wani aiki ne daban.

Sauyin da ya fi girma ya faru ne a wajen masu sauraro. A shekarun 1990, yaron da ke son ya gane abin da Petrucci ya yi a "Under a Glass Moon" sai ya yi ta mayar da kaset baya, yana danna tsayawa yana laluben tsirkiya, ko ya jira mujallar jita ta buga rubutun kiɗan, ko ya tara kuɗi ya sayi kaset ɗin bidiyo na koyarwa da Petrucci ya fitar a 1995, Rock Discipline. Gwaninta irin wannan abu ce mai wuyar gani, shi ya sa take razana mutane. Yau YouTube cike yake da 'yan shekara goma sha biyu daga Indonesiya zuwa Brazil suna kaɗa wannan sashe ba kuskure a ɗakin kwanansu. A 2008 "Pull Me Under" ta shiga wasan kwamfuta na Guitar Hero, yara suka san ta ta hanyar danna maɓallan roba. Meshuggah ta Suwidin da waɗanda suka biyo sawunta, irin su Periphery da Animals as Leaders, sun kai sarƙaƙiyar ƙirge inda "Metropolis" take zama kamar darasin aji biyu. Na'urar ganga da Portnoy ya yi faɗa a kanta ta zama ruwan dare a sitidiyon metal, kwamfuta na daidaita kowane duka a kan layi.

Wannan ya yi wa faifan wani irin tankaɗe. Razanar ta tafi, tunda yanzu kowa ya iya. Ƙyallin zamaninsa ya zama tambarin shekara, ana ji an san 1991 ne. Abin da ya rage a rariya shi ne waƙoƙin, kuma su ne suka riƙe shi. Sabon mai sauraro da ya taso da Spotify, wanda ba ya jin tsoron gudun yatsu, in ya tsaya a kan faifan nan yakan tsaya ne saboda amshin "Surrounded" ko piyanon Moore.

Mutanen da suka yi shi ma lokaci ya bi ta kansu. A ƙarshen 1994 LaBrie ya ci gurɓataccen abinci a Kyuba, aman da ya yi ya yaga masa jijiyoyin murya, ya shafe shekaru kafin ya farfaɗo, kuma waƙoƙin da ya rera yana ɗan shekara 28 suka zame masa bashin da ake bin sa kowane dare a dandali. Da ƙungiyar ta fita yawon cikar faifan shekara 25 a 2017, tana kaɗa shi daga farko har ƙarshe, sai da aka sauke sautin kayan kiɗan rabin mataki don murya ta samu sauƙi. Portnoy ya bar ƙungiyar a Satumban 2010, Mike Mangini ya hau kujerarsa, kuma faifan farko da suka yi ba shi, A Dramatic Turn of Events na 2011, masoya sun yi ta nuna yadda ginin wasu waƙoƙinsa ke bin sawun na Images and Words gaɓa-gaɓa, kamar mai ɓatan hanya da ya koma inda ya fara. A 2022 suka ci kyautar Grammy ta farko da waƙar "The Alien", mai ƙirge goma sha bakwai. Petrucci ya hau mumbari ya tuna wa jama'a yadda aka riƙa ce musu waƙoƙinsu sun cika tsawo, ƙirgensu baƙo ne, gwanintar jita ta yi yawa.

A Oktoban 2023 Portnoy ya dawo bayan shekara goma sha uku. Wata guda bayan haka Charlie Dominici, mawaƙin da tafiyarsa ta buɗe wa LaBrie ƙofa, ya rasu. Ranar 20 ga Oktoban 2024, a zauren O2 na Landan, huɗu daga cikin biyar ɗin da suka shiga BearTracks suka sake hawa dandali tare, gashi ya yi furfura, gemu ya yi tsawo, Rudess na tsaye a gurbin Moore. Da "Metropolis" suka buɗe daren. Bayan kusan awa uku suka rufe da "Pull Me Under", Portnoy na dukan ƙaramar gangarsa, wani dukan da ƙarfi wani a hankali, kowanne da irin ƙararsa.